DC da DCC a kan layin dogo ɗaya: robar tsakani ba ta raba wuta

Tambaya: Salam malam. Ni ina Samaru, ina da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na wasa biyu na kamfanin Hornby masu DC, sai ga yayana ya aiko min da na kamfanin Bachmann mai DCC har da na'urar sarrafa shi daga Amurka. Wani mai gyaran rediyo ya ce in yanka layin gida biyu in sa roba a tsakani, kowa ya ci ɓangarensa. Wallahi tsoro nake kar in ƙona na yaya.

Amsa: Wa alaikassalam ɗan uwa. Gara da ka ji tsoron. Batun hawa layi ba matsala, ma'aunin girma na OO (na Hornby) da na HO (wanda aka fi yi a Amurka) duk faɗin layinsu milimita 16.5 ne.

Amma maganar mai rediyon nan, don Allah ka bar masa abarsa. Na gaji da jin "ai wuta wuta ce". DC, wato wutar da ke bin hanya ɗaya, tana tashi daga sifili zuwa bolt 12 gwargwadon yadda ka murɗa, ita kuwa DCC, wato tsarin sarrafa jirgi da umarnin dijital, kullum layin cike yake da bolt 14 zuwa 16 ko jirgi na tsaye, kuma wutar tana juya fuska sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, ta nan umarni ke kaiwa ga dikoda, ɗan allon lantarki da ke cikin kan jirgin. To robar ƙarfen layi kawai ta raba, ƙafafun jirgin fa? Ƙarfe ne su ma, a lokacin da yake tsallakawa na gaba suna kan DCC na baya suna kan DC, shi ke nan jirgin da kansa ya haɗe na'urori biyun, kafin ka ce kwabo sai ƙauri. Wani yaro daga Tudun Wada ya kawo min jirginsa da na'urarsa a leda, dikoda ta narke, na'urar ta mutu, kuma wanda ya ba shi shawarar har yau cewa yake wutar NEPA ce. Mutum ya iya ɗinke wayar fanka sai ya zama injiniyan komai, haba!

Kada kuma a ruɗe ka da adireshi 0 (a DCC kowane jirgi yana da lambar adireshinsa). Wasu na'urorin suna jan kan jirgin DC da shi, amma motonsa zai yi ta kuka yana zafi ko yana tsaye, ka manta shi a layi ya ƙone.

Ka nemi makunni DPDT, wato mai juya wayoyi biyu tare tsakanin hanyoyi biyu, mai kashewa a tsakiya, wajen masu kayan wuta a Sabon Gari, layin gaba ɗaya ya zama ko DC ko DCC, ɗaya a lokaci guda. Sauke Hornby ɗinka kafin ka juya zuwa DCC. Bachmann ɗin zai iya tafiya a DC in an buɗe masa a CV29, wato saiti mai lamba 29 a cikin dikodarsa.

Sannan duba jikin cajar da yaya ya aiko tun kafin ka jona, in 120 kaɗai aka rubuta sai ka haɗa da taransifomar rage wuta, tamu 230 ce.