Ku Tambayi Kafinta: Teburina Ya Tsage

Tambaya: Malam, ni ɗan koyo ne, shekarata ɗaya da fara kafinta. Teburin da na haɗa ya tsage daga tsakiya bayan wata uku, alhali gam da kusa ban rage ba. Ina na kuskure?

Amsa: Ɗana, kusan rantsuwa zan yi ɗanyen katako ka samu. Itace yana shan danshi yana fitarwa har bayan an sare shi, kuma idan zai tsuke, ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa da ƙyar yake motsi. Kai kuwa ka danne saman teburin da kusoshi ta ko'ina, ya nemi wurin motsawa ya rasa, sai ya yage kansa.

Ni ma ƙofata ta farko haka ta yi mini, maigidana ya sa na cire ta da hannuna a gaban mai ita. Kunyar ranar ba ta sake ni ba har yau.

Jera katakonka a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakaninsu iska ta ratsa. Mai kaurin inci 1 yakan ci kusan shekara kafin ya bushe. Ramin sukurun da ke riƙe saman kuma ka ɗan tsawaita shi ta faɗin katakon.