Ƙawancen jam'iyyu da zagaye na biyu a zaɓen gwamna: ina ƙuri'unku za su tafi?

Wani dattijo daga Gwadabawa, wanda ke cikin shugabannin wata ƙaramar jam'iyya a jihar Sakkwato, ya aiko da tambaya. Jam'iyyarsu na shirin ƙulla ƙawance da wata babbar jam'iyya, ɗan takararsu zai kira taron manema labarai ya ce ya janye, an kuma yi masu alkawarin kujerun kwamishina biyu. Yana so ya sani: idan zaɓen ya kai ga zagaye na biyu, za a haɗa ƙuri'unsu da na abokan ƙawancen? Kuma idan aka ci zaɓe aka saɓa alkawari, kotu za ta karɓar masu haƙƙinsu?

Alhaji, amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Tsarin Mulkin 1999 jam'iyya ya sani, bai san ƙawance ba, domin sashe na 177 ya shardanta cewa jam'iyya ce za ta tsayar da ɗan takarar gwamna, kuma alamarta ce mai zaɓe ke dangwala wa yatsa. Janyewar da doka ta amince da ita ita ce ta rubutacciyar takarda da ɗan takara zai miƙa wa jam'iyyarsa, ita kuma ta isar wa hukumar INEC cikin wa'adi, wanda a ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022 ya kasance kwana 90 kafin ranar zaɓe. Idan wa'adin ya wuce, alamarku na nan a takardar ƙuri'a, kuma duk tsohuwar da ta dangwala mata a rumfar zaɓe, ƙuri'arta taku ce, ba a ɗaukar ta a zuba wa wani. Hanyar da ke haɗa ƙuri'u wuri guda ita ce haɗewa a zama jam'iyya ɗaya mai rajista, kamar yadda ACN da CPC da ANPP suka narke suka zama APC a 2013.

Akwai kuma abubuwa biyu da mutane ke cakuɗawa. Abin da muka gani a Sakkwato a 2019 ba zagaye na biyu ba ne, ƙarashen zaɓe ne, wanda jama'a suka riƙa kira inkonkulusib. A zaɓen 9 ga Maris, tazarar da ke tsakanin Aminu Waziri Tambuwal na PDP da Ahmed Aliyu na APC ƙuri'a 3,413 ce, alhali masu rajista a rumfunan da aka soke sun kai 75,403, saboda haka aka koma waɗannan rumfunan kaɗai a ranar 23 ga Maris, Tambuwal ya yi nasara da ƙuri'a 342. A irin wannan zaɓe duk jam'iyyun da suka shiga tun farko suna nan a takarda. Ka lura da ƙanƙantar wannan adadi: ƙuri'u ɗari huɗu da suka faɗa kan alamarku bisa kuskure sun isa su kayar da wanda kuke mara wa baya.

Zagaye na biyu na gaskiya yana sashe na 179 na Tsarin Mulki. Wanda ya fi kowa ƙuri'a ba zai zama gwamna ba sai ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kowacce daga cikin aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jiha. Namu 23 ne, lissafin ya ba da sha biyar da ɗoriya, kuma tun shari'ar zaɓen shugaban ƙasa ta Awolowo da Shagari ta 1979, inda aka yi jayayya a kan kashi biyu cikin uku na jihohi 19, wato sha biyu da ɗoriya, lauya mai hankali ba ya kwana a kan ɗoriya. Ku ƙirga 16. Idan aka rasa wanda ya cika sharaɗin, INEC za ta shirya sabon zaɓe a duk faɗin jiha cikin kwana 21, tsakanin wanda ya fi yawan ƙuri'u da wanda, a cikin sauran, ya rinjaya a ƙananan hukumomi mafi yawa. Wato ba lalle ne na biyu a jimillar ƙuri'u ya shiga ba. A nan ne ƙawancenku zai yi tasiri sosai, tunda alamarku ta fita daga takarda.

Batun kujerun kwamishina kuwa, ba zan ɓoye maka ba, riƙonsa sakainar kashi ne. Sashe na 192 ya bar naɗin kwamishina a hannun gwamna tare da amincewar Majalisar Dokokin Jiha, kuma da wuya kotu ta tilasta masa ya naɗa wani saboda yarjejeniyar siyasa. Duk da haka ku rubuta ta, shugabannin jam'iyyun biyu su sa hannu a gaban shaidu, ku kuma guji ambaton kuɗi a madadin janyewa, domin wannan na iya zama laifin cin hanci a zaɓe.

Shawarata ita ce, idan wa'adin janyewa bai wuce ba, ku janye a rubuce. Idan ya wuce, ku tura wakilanku rumfuna, su karɓi kwafin takardar sakamako ta EC8A mai sa hannu da hatimi. Kasancewarku a takardar ƙuri'a ya ba jam'iyyarku damar shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, amma cikin kwana 21 daga ranar bayyana sakamako, kuma kotu ba ta da ikon ƙara maku ko yini ɗaya a kai.