Ga mai tambaya kan fina-finan da suka canza tarihin sinima

Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓa ni. Ka ce ka nemo Citizen Kane saboda ko'ina ana cewa babu kamarsa, ka zauna ka kalle shi har ƙarshe ba ka ga wani abin a-zo-a-gani ba, har ka fara zargin kanka, shi ne kake son a faɗa maka waɗanne fina-finai ne da gaske suka canza sana'ar nan, kuma me ya sa kai ba ka ganin abin da ake gani. Wannan damuwar na san ta ciki da bai. Waɗanda kuma suka amsa maka da cewa kai dai ba ka san fim ba, wallahi ba su kyauta ba. Mutum ya zo da tambaya ta gaskiya, maimakon a nuna masa inda zai duba sai a kunyata shi? Irin wannan halin ne yake korar mutane daga tsofaffin fina-finai gaba ɗaya.

Laifin ba na idonka ba ne. Duk fim ɗin da ya yi tasiri sosai, dabararsa takan zama ruwan dare. Ka riga ka ga jikoki da tattaɓa-kunnen Citizen Kane tun kana yaro, shi ya sa da ka haɗu da kakan sai ka ga kamar ka san fuskar. Dole sai an ce maka ga abin da ya yi, ga kuma yadda ake yi kafin shi.

Koma kan fim ɗin, ka nemi fitowar da uwa take sa hannu a takardar miƙa ɗanta. Ita da ma'aikacin banki suna dab da kyamara, uban yana tsaye a tsakiyar ɗaki, yaron kuma yana can waje ta taga yana wasa cikin dusar ƙanƙara, kuma dukkansu sun fito tas. A 1941 yawancin fina-finai na kusa kaɗai suke fitarwa, na baya ya zama dishi-dishi. Mai ɗaukar hoton, Gregg Toland, ya sa gilashi mai faɗin gani, ya tsuke ƙofar da haske ke shiga kyamara zuwa wajen f/8 (ma'aunin tsukewar ƙofar) ko fiye. Tsuke ƙofar kuwa rage haske yake yi, sai ya rama da manyan fitilu masu tsananin ƙarfi da zaren fim mai saurin kama haske. Ɗaga kanka kuma ka kalli rufin ɗakunan. Ɗakin da ake ginawa don ɗaukar fim a da ba a cika yi masa rufi ba, saboda ta sama ake rataya fitilu da makirufo. Su kuwa suka shimfiɗa yadi a matsayin rufi, suka ɓoye makirufo a bayansa, har ƙasa suka fasa suka sauke kyamara domin ta kalli mutum daga ƙasa. Orson Welles, wanda ya ba da umarnin fim ɗin, yana da shekara 25 lokacin. Ba shi ya ƙirƙiro duk wannan ba, daraktoci Jean Renoir da John Ford sun riga shi a 1939, amma shi ya tara su wuri guda ya sa suka yi wa labari aiki.

Kafin in ci gaba, wane kwafi ka kalla? Nan ne raina yake ɓaci. Tsohon fim siffarsa kusan 4:3 ce, wato faɗi huɗu tsayi uku. Masu ɗora su a intanet sukan ja hoton ya cika allon 16:9, ko dai fuskoki su baje, ko a sare sama da ƙasa, kashi ɗaya cikin huɗu na hoton ya tafi. Rufin nan da na ce ka duba, shi ne farkon abin da ake sarewa. Fina-finan da ba magana kuma nasu ya fi muni. Da hannu ake juya kyamararsu, da yawa a wajen hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa. In aka haska fim na hoto 16 da gudun 24, saurinsa ya ƙaru da rabi, sai ka ga mutane suna tafiya zugwi-zugwi, mace tana kuka amma abin ya koma ban dariya. Daga nan wani ya shafa masa launi da kwamfuta, ya liƙa masa kiɗan da ya ga dama, ya rubuta wai an gyara. Ba gyara ba ne wannan, ɓarna ce, kuma mutanen da suka yi aikin ba sa raye balle su kare kansu.

To, ga waɗanda zan iya tsayawa a kansu.

'Yan'uwan nan biyu na gidan Lumière sun haska fim ga masu biyan kuɗi a Faris ranar 28 ga Disamba 1895, kowane ɗaya bai kai minti guda ba, kyamara a kafe. Georges Méliès kuma ya gane cewa in ka tsayar da kyamara, ka canza abin da ke gabanta, ka ci gaba, ka haɗa zaren daidai, to mutum zai ɓace a idon mai kallo. Da wannan ya yi Le Voyage dans la Lune a 1902. Duk wani siddabarun fim daga nan ya samo tushe.

Sai wanda ba na son ambata amma ba yadda zan yi, The Birth of a Nation na D. W. Griffith, 1915. Za a ce maka shi ya koya wa duniya yadda ake jan labari na awa uku, da yanka tsakanin wurare biyu domin zuciyar mai kallo ta riƙa bugawa, ga waɗanda aka ritsa, ga masu zuwa ceto a kan dawakai. Gaskiya ne ya iya wannan. Amma su wa ne masu ceton? 'Yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawan Amurka masu ta'addanci kan baƙar fata. Su wa aka nuna a matsayin dabbobi? Baƙar fata, kuma manyan matsayin Turawa ne suka shafa baƙi a fuska suka hau. An haska shi a fadar White House zamanin shugaban Amurka Woodrow Wilson. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fatar Amurka ta yi ta fafutukar a hana shi, ba ta samu yadda take so ba. A Nuwamban shekarar aka sake kafa Klan a Stone Mountain da ke jihar Jojiya, kuma sun daɗe suna amfani da fim ɗin wajen jawo mabiya. Abin da yake ƙona min rai shi ne yadda wasu malaman fim suke wuce wannan da jimla ɗaya, su ce a ajiye batun wariya a gefe a duba gwaninta. Yaya za a ajiye? Gwanintar ai ita ce ta sa gubar ta shiga jini. Da fim ɗin bai iya sa mutum ya tafa wa mahaya dawakan nan ba, da bai yi ɓarnar da ya yi ba. Ba ma shi ne farkon dogon fim mai girma ba, Italiya ta fitar da Cabiria tun 1914. In har za ka kalle shi, ka haɗa da Within Our Gates na Oscar Micheaux, baƙar fatar Amurka da ya nuna ainihin wa ke rataye wa a 1920. An daɗe ana zaton fim ɗinsa ya ɓace, sai daga baya aka tsinci kwafi guda a Sifaniya. Ka ga bambancin gatan da aka yi wa fina-finan biyu.

Battleship Potemkin na Sergei Eisenstein, 1925, shi ne makarantar masu tace fim. Kalli fitowar matakalar Odessa, inda sojoji suke harbe jama'a, sau biyu, na biyun ka kashe sauti ka riƙa ƙirga yanka. Takalman sojoji, fuskar uwa, keken jariri yana gangarowa, a sake komawa kan takalma. Saukowar da ba za ta ɗauki lokaci ba an miƙar da ita ta yi mintoci, saboda tsoro ake aunawa ba agogo ba. Kisan kan matakalar ma ba haka ya faru a tarihi ba, amma ƙarfin haɗa hoton ya sa mutane da yawa suka ɗauka ya faru.

The Jazz Singer na 1927 ba wani fim ne mai kyau ba, shi ma da shafa baƙi a fuska a ciki, kuma maganar da ake ji ba ta wuce ta minti biyu ba. Amma shi ya rufe kasuwar fim marar magana. Sautinsa a faifai yake daban, mai faɗin inci 16, kowane faifai da nadin fim ɗinsa. In zaren ya tsinke aka yanke hoto biyar, dole a liƙa baƙin zare mai tsawon hoto biyar daidai, in ba haka ba baki da murya su rabu har ƙarshen nadin. Shi ya sa cikin 'yan shekaru aka koma buga sauti a jikin zaren, aka kuma tsayar da gudu a hoto 24. Farkon zuwan sauti ma baya ya mayar da sana'ar, don an kulle kyamara cikin akwati saboda ƙararta, ta daina yawo.

Ni a wurina wanda ya fi buɗe wa talakan mai shirya fim ƙofa shi ne Bicycle Thieves na Vittorio De Sica, 1948. A titunan Rum aka ɗauke shi, jarumin ma'aikacin masana'anta ne ba ɗan wasa ba, labarin kuma mutum ne aka sace masa keken da yake neman abinci da shi. Shi ke nan. Satyajit Ray ya kalle shi a Landan a 1950, ya koma Indiya ya yi Pather Panchali a 1955. Ousmane Sembène na Senegal ya fitar da La Noire de... a 1966, kuma ka tuna tun 1934 dokar Laval ta sa ba a ɗaukar fim a yankunan da Faransa ke mulka a Afirka sai da izinin hukuma. Jerin sunayen da ake yaɗawa ba su cika sa shi ba, ni kuwa ba na yarda da jerin da babu shi.

Akira Kurosawa ya ba da labari ɗaya ta bakuna huɗu masu saɓa wa juna a Rashomon, 1950, sannan a Seven Samurai, 1954, ya ɗauki yaƙi da kyamarori da yawa lokaci guda da gilashi mai jawo nesa. Duk fim ɗin da ka ga ana tara gwanaye ɗaya bayan ɗaya domin wani aiki mai haɗari, a nan ya sha nono. Breathless na Jean-Luc Godard, 1960, da ya yi tsawo sai aka riƙa cire guntaye daga tsakiyar ɗauka, hoto yana tsalle, abin da a da ake ɗauka kuskuren edita ne. Kyamarar a hannu take, wani lokaci a keken marasa lafiya ake tura mai ɗaukar, kuma don ƙararta sai daga baya aka ɗora muryoyi. Yankan da kake gani yau a bidiyon masu magana a YouTube, inda ake cire numfashi, danginsa ne.

Na baya-bayan nan ka san su, ba sai na ja ba. Jaws a 1975 ya canza kasuwa ne: sinimomi sama da 400 rana ɗaya, da talla a talbijin. Kifin shark na inji da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole aka rage nuna shi, hakan kuma ya ƙara tsoron. Star Wars a 1977 ya zo da kyamarar da na'ura ke maimaita tafiyarta daidai, don a ɗora ɗauka kan ɗauka. Jurassic Park na 1993 dabbobin kwamfuta a cikinsa kusan minti shida ne kawai. Toy Story, 1995, shi ne dogon fim na farko da aka zana gaba ɗaya a kwamfuta.

Kada kuma ka ɗauki kowane jeri a matsayin hukunci. Ƙuri'ar mujallar Sight and Sound ta ɗora Citizen Kane a sama daga 1962 zuwa 2002, a 2012 Vertigo ya karɓa, a 2022 Jeanne Dielman na Chantal Akerman. Ga kuma abin takaici, binciken Laburaren Majalisar Dokokin Amurka na 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun ɓace kwata-kwata. Zaren da ake amfani da shi har wajen 1951 yana ruɓewa, yana kuma kama wuta cikin sauƙi. Muna auna tasiri ne da abin da ya tsira.

Don Allah ka sake gwadawa, amma ba da Kane za ka fara ba. Fara da Bicycle Thieves, kusan awa ɗaya da rabi ne, sai matakalar Odessa ita kaɗai, sannan ka koma Kane. Nemi kwafin da aka gyara daga asalin zare, ka bar baƙin gefe biyun nan na allo yadda suke, ka shiga saitin talbijin ɗinka ka kashe abin da ke ƙara santsin motsi. In da hali kada ka kalla a waya, don yaron nan na taga ba zai fi ƙwayar ido girma ba. In ka kalla ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani, ko da har yanzu bai burge ka ba, ni zan saurare ka.