Rolar katafila ta cinye, walda ko sabuwa?

Tambaya: Salam Malam, katafilar da muke haƙar dam da ita a wajen Ringim rololinta, wato ƙananan tayoyin ƙarfen da ke riƙe sarƙa a kan hanyarta, sun cinye, sarƙa sai zamewa take, sabuwa kuwa kuɗin ba a magana. Walda za ta yi?

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan'uwa, za ta yi mana in dai rolar ba ta tsage ba. A cire sil (abin da ke hana mai tsiyaya) da man, a kankare giris tas, a ɗan gasa ƙarfen, sannan mai walda ya cike da rodin walda mai lamba 7018 ya bi sama da rodi mai ɗan tauri, yana zagayawa kar ya zauna waje ɗaya ta murɗe. Kar a watsa mata ruwa fa, a binne ta cikin busasshen yashi ta huce a hankali, sai a kai inji a daidaita zagayen.