Ni ma Stella de Oro ɗina ta taɓa ƙin fure

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Ina karanta tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce furen kwana ɗaya da kika shuka a gaban gida, Stella de Oro, shekara biyar ke nan, ganye ya yi duhu kamar gamba amma bana furen bai fi a ƙirga da yatsu ba, har kina tunanin tonewa ki zubar. Don Allah kada ki zubar. Nawa sun yi min haka a nan Ohio, kuma har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Wani mutum ne na ɗauka yana yanke mana ciyawa. Ban sa shi ba, ban tambaye shi ba, kawai ya kawo buhu-buhu na ɓawon itacen nan da ake zubawa a gindin shuka, ya tula musu har ya rufe wuyansu ruf, ya bi da takin zamanin da ake sa wa ciyawa ya watsa. Takin ciyawa kuwa naitirojin ne ya fi yawa a ciki, ganye yake sawa, ba fure ba. Wai shi gwaninta! Kuma ya caje ni kuɗin aikin. Yuni ya shigo, lokacin da layin furen nan kan zama rawaya tun daga ƙofa har bakin titi, ni kuwa sai kore. A watan ne muka yi walimar saukar Alƙur'ani ta 'yata, har na riga na faɗa wa mutane a gaban furen za a ɗauki hoto. Ranar na fito da asuba da ɗankwali a hannu ina leƙa tsakanin ganye ko zan ga ƙunshin fure ɗaya, babu. Da na kira shi sai ya ce min ai shukar ce ta tsufa. Shukar da ake gadonta daga kaka zuwa jika! Ko haƙuri bai ba ni ba. Mai gidan ya ce in bar shi da halinsa, na bari, amma ban sake buɗe masa ƙofa ba.

To ke dai ki fara duba wuyan, wato inda ganye ya haɗu da saiwa. Ki sa yatsa ki share. Bai kamata ya nutse fiye da inci ɗaya a ƙasa ba. Da na share nawa har wani wari ya taso, biyu sun riga sun ruɓe.

Amma shekara biyar ɗin nan da kika ambata, ina zargin cunkoso ne ya fi damun shukarki. Irin nan tana saurin haihuwa, duk bayan shekara uku zuwa huɗu sai an raba. Ki tono dunƙulen gaba ɗaya, ki wanke da tiyo, za ki ga saiwar da ƙulli-ƙulli kamar ƙananan dankali. Ki ɓalle ta yadda kowane kaso zai samu kai biyu ko uku, ki rage ganyen zuwa kamar taƙi ɗaya, ki dasa da tazarar ƙafa ɗaya da rabi. In ta ƙi ɓalluwa ki sa wuƙa, ba ta mutuwa. Ni a Afrilu na yi, ana kuma yi a farkon Satumba, in dai za ta samu sati shida kafin ƙasa ta daskare.

Rana fa? Tana son awa shida aƙalla. Bishiyar da take ƙarama lokacin da kika shuka ƙila yanzu ta yi mata inuwa ba ki lura ba. Sannan wani lokacin furen na fitowa, barewa ce ke cinye ƙunshin da dare. Ki duba ko akwai kara a tsaye da aka datse masa kai.

In fure ya dawo, kowane ɗaya yini guda yake yi ya yanƙwane, amma kara ɗaya na ɗauke da da yawa. Ki riƙa tsinke ƙwallon iri koren nan da yake biyo baya, in kin bar shi ƙarfinta can zai tafi, ba za ta maimaita fure ba. Ni da asuba nake yi da kofin shayi a hannu.

Af, na ga kyanwa a hoton da kika sa. Ki nisanta ta da wannan shuka, ganye da fure duka, ko kaɗan ta ci yana iya kashe mata ƙoda. Abin mamaki kuma a Sin, inda asalin dangin furen nan yake, busar da ƙunshin wani iri suke yi su sa a miya, na gani a shagonsu ban dai saya ba.

Ki share gindin ki turo mana hoto kafin ki taɓa komai.