Tambaya da Amsa: Emoji a Waya da Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana turo min saƙo, amma inda ta sa emoji sai in ga ɗan akwati babu komai a ciki. Wayata ce ta lalace? Daga wata uwa a Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wayarki lafiyarta ƙalau. Emoji ba hoto ba ne da ake turowa. Lamba ce kamar ta harafi, kuma ƙungiyar Unicode ce ke ba kowanne tasa tun 2010. Wayar da saƙon ya iso ita ke zana shi. Idan an ƙirƙiro sabo bayan sabuntawar ƙarshe da aka yi wa wayarki, ba ta san shi ba, sai ta nuna akwati. Ki sa a sabunta manhajar wayar, da WhatsApp ɗin ma. Tunda kowace waya ce ke zana nata, shi ya sa fuska ɗaya take fitowa daban a Samsung da iPhone.

Tambaya: A kwamfuta ina ake samunsu? Kuma me ya sa kuɗina ke saurin tafiya idan na tura tes? Daga wani ɗan kasuwa a Katsina.

Amsa: Alhaji, a Windows ka danna maɓallin Windows tare da ɗigo, akwatin emoji zai buɗe. A Mac kuwa Control da Command da Space ne tare. Kada ka yi mamaki idan tutar Najeriya ta fito NG, ta Nijar NE. Windows ba ya zana tutocin ƙasashe.

Batun kuɗi kuwa, nan mutane da yawa ke asara ba su sani ba. Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160. Da ka sa emoji guda, sai iyakar ta koma 70. Saƙon da ya kamata ya tafi ɗaya sai ya rabu biyu ko uku, a caje ka kowanne. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma haka suke yi. A WhatsApp babu wannan matsalar.

Sannan don Allah a duba kafin a tura ta'aziyya. 😂 dariya ce har da hawaye, ba kuka ba. Mai kuka shi ne 😭, na addu'a kuma 🤲.