Ba rashin tausayi ba ne, ƙanena, lissafin besbol ne

Ƙanena, bayan gaisuwa, da fatan Inna ta samu sauƙin ƙafar nan, iyali kuma duk lafiya.

Saƙonka na murya ya iso, sau biyu na saurare shi. Ka ce ranar sunan nan da na juya maka kyamarar waya don ka gaisa da jama'a, ka ji dattawa da furfurarsu suna musu a kan wani yaro da ya ji ciwo a wasa, har wani ya ce wataƙila ma gyara ce ta zo wa ƙungiyar. Ka tambaye ni ko zaman Amurka ya cire mana tausayi. Bai cire ba. Yaron abokin wasan babban ɗanka ne a ƙungiyar makarantarsu, ya gurɗe a wuyan hannu, mun je mun duba shi, matar yayanka har da kai wa uwarsa kwanon shinkafa da miya. Abin da kunnenka ya kama lissafin besbol ne, kuma tunda ka tono, sai ka yi haƙuri da tsawon zance.

Wasan a taƙaice haka yake. Kowane ɓangare mutum tara ne. Ɓangare ɗaya na bugu, ɗaya na tsaron fili, in an fitar da mutum uku daga masu bugu sai a yi musanya, haka har zagaye tara. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai gora ya doka ya ruga, ya bi zango uku ya dawo gida, wanda ya dawo gida shi ya ci maki ɗaya. In ya doka ta haura katanga, shi ne hom-ran, shi da duk wanda ke tsaye a kan zango su taho gida ba mai tare su.

Inda ya sha bamban da ƙwallon ƙafar da ka sani shi ne layi. A ƙwallon ƙafa kana iya cewa duk wanda ya samu ƙwallo ya miƙa wa mai cin raga. A nan bugu bi da bi ne, kamar layin bokitai a bakin famfo. Komai gwanintar mutum, sau huɗu ko biyar gora za ta zo hannunsa a wasa guda. Sauran lokacin yana can tsaye a fili da safar fata a hannu, kuma ƙwallo ba ta tambayar ko ya iya kamu kafin ta nufo shi.

To, akwai wani irin ɗan wasa da kusan kowace ƙungiya ke da shi. Ƙato ne, in ya doki ƙwallo daga jin ƙarar ka san ta tafi, amma a fili nauyin jiki gare shi. Akan ɓoye shi a can baya ta hagu, ko a zangon farko, a yi ta fatan kada ƙwallo ta je wurinsa. Ni na fi kwatanta shi da yaron shago mai farin jinin ciniki amma aljihunsa a huje. Cinikin kowa na gani. Abin da ke zubewa sai mai riƙe da littafi.

Kuma har littafin ma yana rufa masa asiri. Kuskuren da ake rubuta wa mai tsaro shi ne ƙwallon da ta zo hannunsa ta suɓuce, ko wadda ya jefa ba saiti. Wadda bai ma kai gare ta ba saboda rashin sauri, ba a rubuta masa komai, a kan mai jifa ake ɗora ta. Zagayen da ya kamata ya ƙare sai ya ci gaba, mai jifa ya ƙara jifa goma ko goma sha biyar, ga shi da ya doshi jifa ɗari ake cire shi. Sai a shigo da masu karɓarsa da wuri, su kuma gobe a neme su a tarar sun gaji, domin wasa 162 ake yi a kaka ɗaya, kusan kullum, daga bazara har ƙarshen Satumba. Ka ga ɓarnar mutum ɗaya a daren Talata tana iya kayar da ƙungiya ranar Alhamis, ba wanda zai ambaci sunansa.

Masu lissafin wasan suna da ma'aunin da suke kira WAR, suna auna ɗan wasa da wanda za a ɗauko daga ƙaramar ƙungiya a sa a gurbinsa, kuma a ƙiyasinsu maki goma kamar nasara ɗaya ce. A ce, a misali, gorarsa ta ƙara maki talatin, safarsa ta zubar da goma sha biyar. In ya kwanta jinya, abin da ya tafi goma sha biyar ne, nasara ɗaya da rabi, alhali masu kallo kuka suke kamar an yi asarar talatin.

Mu mutanen Shikago ba a takarda muka koyi wannan ba. A 2015 ƙungiyar garinmu, Cubs, ta fito da wani matashi, Kyle Schwarber, asalinsa mai tsugunawa bayan mai gora ne yana cafke jifa, aka mai da shi baya ta hagu don dai a samar wa gorarsa wuri. Ya buga hom-ran 16 a wasa 69, ya ƙara 5 a wasannin sili-ɗaya-ƙwale, ɗaya ma da ya yi wa St. Louis a saman allon maki na Wrigley, filin Cubs, ta sauka. Amma da suka haɗu da Mets, duk gari ya ga yadda ƙwallo ke ba shi kunya a fili, aka share su wasa huɗu ba ko ɗaya.

Ranar 7 ga Afrilun 2016, kaka ta fara ke nan, suna wasa a Arizona, shi da Dexter Fowler suka bi ƙwallo ɗaya suka yi karo. Jijiyoyi biyu na gwiwarsa ta hagu suka tsinke. Yana ɗan shekara 23. Aka ce sai baɗi. A lokacin ina tuƙin tasi, washegari duk fasinjan da na ɗauka zancen ke nan, fuska kamar an yi rasuwa. Ka tuna mutanen nan rabonsu da kofi tun 1908, har camfi suka yi cewa wani mai mashaya ne ya yi musu baki a 1945 don an kore shi da bunsurunsa daga fili. Na sha dariyar wannan, mu da ake cewa mu ne masu camfi.

Sai me ya faru? Suka ci wasa 103, ba ƙungiyar da ta kai su a shekarar. Mai horar da su, Joe Maddon, ya mai da gurbin Schwarber na karɓa-karɓa. Wani lokaci ya tura Kris Bryant can baya, sai zango na uku ya buɗe wa Javier Báez, yaron da hannunsa kamar da maganaɗisu. Wani lokaci Ben Zobrist ko Jorge Soler, daga baya har Willson Contreras da aka ɗauko a watan Yuni. Maki 556 kawai aka ci su a kakar, mafi ƙaranci a duk ƙungiyoyi talatin, su kuwa suka ci 808. Ba zan yi maka ƙarya in ce raunin ne ya kawo duk wannan ba, domin sun sayi Zobrist da Jason Heyward tun kafin kaka, kuma masu jifarsu Jon Lester da Kyle Hendricks sun yi shekara ta ban mamaki. Amma rabin kyan mai jifa daga mutanen da ke bayansa yake zuwa, kuma a bayansu babu wurin yoyo.

Azumin shekarar a Yuni ya faɗo, ana shan ruwa wajen takwas da rabi na dare, wasa kuma na farawa da bakwai da 'yan mintuna. Da yawa daga cikinmu a rediyon mota muka rage wannan sa'a ta ƙarshe mai wuya, kuma daga nan ne ma wasu dattawan da ka ji suna musu suka kamu.

In na tsaya a nan za ka ce ashe mutumin ba shi da amfani. Saurari ƙarshen. A lokacin rukuni biyu na gasar dokarsu daban ce. Rukunin American, tun 1973, sun yarda a sa mutum ɗaya wanda aikinsa bugu kawai a madadin mai jifa, ba ya taka fili ko kaɗan. Rukunin National, inda Cubs suke, ba su yarda ba. A World Series kuwa, wato karawar cin kofi tsakanin zakarun rukunin biyu inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke ɗauka, dokar mai masauki ake bi. Cubs suka haɗu da Cleveland, 'yan American. Wata shida da yi wa Schwarber tiyata likita ya ce zai iya bugu da gudu, amma ban da tsaron fili. Aka ɗauko shi bayan ɗan gwaji a wata ƙaramar gasa ta Arizona, mutumin da rabonsa da babban wasa tun Afrilu.

A Cleveland ya buga. A Shikago, wasa uku, ya zauna a benci, sau ɗaya tak aka sa shi ya karɓi gora. A wasa ukun nan na gida Cubs maki 5 suka ci gaba ɗaya. A huɗun Cleveland sun ci 22. Ba shi kaɗai ya yi ba, amma shi ya dace sau 7 cikin 17. A wasa na bakwai, ranar 2 ga Nuwamba, an tashi zagaye na tara shida da shida, ruwan sama ya tsai da wasa minti 17, da aka dawo shi ya fara karɓar gora ya doka ya kama zangon farko. Nan take aka cire shi aka sa mai sauri, Albert Almora, wanda ya zo ya ci makin da ya sa su gaba. Aka tashi takwas da bakwai. Ka lura, ko a wannan daren gorarsa aka ɗauka, ƙafarsa aka bar masa.

Abin da na fahimta shi ne doguwar kaka tana haɗiye rashin irin wannan mutum, muddin akwai masu hannu a benci. Gajeriyar karawa, inda kake fuskantar gwanayen jifa zalla kuma bugu ɗaya na iya raba gardama, nan ake jin zafin rashinsa.

Yanzu lissafin ya ɗan sauya, domin tun 2022 rukuni biyun duk sun karɓi mai bugu zalla. Schwarber, wanda Cubs suka sallama a ƙarshen 2020, yana Philadelphia, da wuya ya sa safa, ya kuma buga hom-ran 56 a 2025. In irin wannan ya ji ciwo babu ragi ko kaɗan, tunda dama ba ya zubar da komai a fili. Wani abokina ɗan Zinder da ke Houston ya ɗanɗana: Yordan Alvarez na Astros, ƙungiyar garinsu, ɗan Kuba wanda shi ma galibi bugu zalla yake yi, ya samu tsagewar ƙashi a hannu a 2025, ya dawo, ya sake gurɗewa a idon sawu, wasa 48 kawai ya buga. Ƙungiyar ta ci 87 ta rasa gurbin sili-ɗaya-ƙwale, karo na farko tun 2016. Ban kira shi ba sai da aka kwana biyu.

Game da mu kuwa, kada ka ɗauka kullum muna filin wasa. Tikiti da tsada, ga giya ta ko'ina a wurin zama, Cubs kuma sun saba sa wasan Juma'a da ɗaya da minti ashirin na rana, daidai lokacin huɗuba. Namu besbol ɗin a filayen unguwa yake, ranar Asabar, iyaye a kan kujerun naɗi da fulas ɗin shayi, ana cakuɗe da 'yan Mekziko da 'yan Fotoriko. Yaranmu ne suka ja mu ciki. Uban da bai san abin da ɗansa ke magana a kai ba, a ƙasar nan, da sauri yaron ke daina yi masa magana, shi ya sa muka zauna muka koya, har muka fi su musu.

Yaron da ya gurɗe shi ne mai gorar ƙungiyarsu, kuma shi ake ɓoyewa a baya ta hagu. Wanda aka sa a gurbinsa ɗanka ne. Gudu gare shi kamar barewa, ƙwallo ba ta faɗuwa a gefensa, amma in ya riƙe gora ni kaina kawar da kai nake, shi ya sa aka ajiye shi na tara a layi. Dattijon da ya ce gyara ce, ni yake faranta wa rai, kuma ban tanka ba don uban yaron abokina ne. Likita ya ce sati huɗu, wasan da za su yi da ƙungiyar da ta fi ƙarfi a yankin kuma saura sati biyar. Ka gaya wa Inna jikanta na gaishe ta, ya ce a sa shi a addu'a ranar Asabar, ko sau ɗaya ne ya dace.